Cibiya, Shago ko Jari a Hannu: Wane Shirin Koyon Sana'a na Gwamnati Ya Fi Kai Mutum ga Aiki?

Duk matashin da ya ci karo da sanarwar shirin koyon sana'a wanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, abu biyu ne ke fara jan hankalinsa: cewa ba zai biya kuɗin makaranta ba, da kuma yawan alawus ɗin da za a riƙa ba shi a ƙarshen wata. A ganina waɗannan biyun su ne mafi ƙarancin nauyi a cikin lissafin. Watanni shida ko shekaru biyu da mutum zai shafe yana koyo lokaci ne da ya tafi ke nan, kuma ma'aunin da ya dace da shi shi ne abin da mutum zai riƙa samu bayan an yaye shi, idan aka ajiye shi kusa da abin da zai samu da bai shiga shirin ba tun farko.

Wannan ma'auni ya fi wuyar samu fiye da yadda ake zato. Idan hukuma ta ce mutum 70 cikin 100 na waɗanda ta yaye sun sami aiki, ba ta faɗi komai ba tukuna, domin da yawa daga cikinsu za su sami abin yi ko da ba su taɓa taka ƙofar cibiyar ba. Shi ya sa masu bincike suka koma ga ƙuri'a. A inda masu nema suka fi gurabe yawa, sai a jefa ƙuri'a, wasu su shiga wasu su rasa, sannan a bi sawun ɓangarorin biyu na tsawon shekaru. Bambancin da aka gani tsakaninsu shi ne ainihin abin da shirin ya ƙara. Yawancin alƙaluman da zan kawo daga irin wannan gwaji suka fito.

Akwai hanyoyi huɗu. Ta farko, kuma mafi yaɗuwa a duniya, ita ce gajeren kwas a cibiya, na wata uku zuwa shida, inda ake koyar da ɗinki, walda, aikin lantarki, gyaran gashi, kanikanci ko aikin kwamfuta. Gwamnatoci suna son sa domin yana da sauƙin ƙirgawa, kuma bikin yaye ɗalibai abu ne da ake iya nunawa. A shekarar 2017 David McKenzie, masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen irin wannan horo a ƙasashe masu tasowa, ya tarar cewa a cikin kowane mutum 100 da aka ba gurbi, waɗanda suka sami aikin da ba za su samu ba in ba don horon ba ba su kai 3 ba. Kuɗin horar da mutum ɗaya yawanci tsakanin dala 1,000 ne zuwa 2,000, ya kuma ƙiyasta cewa idan aka raba abin da aka kashe a kan waɗanda shirin ya sama wa aiki da gaske, kowane ɗaya ya ci tsakanin dala 17,000 zuwa 60,000.

Abin da ya faru a Turkiyya ya fi komai fito da hoton. An bi sawun kusan mutum 5,900 da suka nemi kwasa-kwasan hukumar samar da aikin yi ta ƙasar, kuma kafin a fara an tambayi kowa abin da yake tsammani. Ma'aikatan hukumar sun yi hasashen ƙarin mutum 24 cikin 100 za su sami aiki, su kuwa masu neman horon suka ce 32. Abin da aka samu bai wuce 2 ba, kuma bayan shekaru uku ko wannan ɗin ya dusashe. An dai lura cewa kwasa-kwasan da cibiyoyi masu zaman kansu suka gudanar sun fi na cibiyoyin gwamnati tasiri, watakila domin su suna gasar neman kwangila, kuma kunnensu ya fi kusa da kasuwa.

Duk da haka kuskure ne a yanke wa kowane kwas na cibiya hukunci ɗaya. A Kolombiya an yi wani shiri ga matasa marasa galihu wanda ya haɗa wata uku a aji da wata uku na aiki a kamfani, a kan kimanin dala 750 ga kowane mutum. Waɗanda suka shiga a 2005, musamman mata, sun amfana: kuɗin da matan ke samu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, kuma da aka koma ga bayanan hukuma bayan shekaru masu yawa, an tarar har lokacin waɗanda suka ci ƙuri'ar sun fi sauran samun aiki mai rajista da albashi tsayayye. Abin da ya raba wannan shiri da na Turkiyya a bayyane yake. Cibiyar da ke son kuɗin gwamnati sai ta nemo kamfanin da ya yarda zai karɓi ɗalibanta tukuna, wanda ya tilasta mata koyar da abin da wani ke buƙata.

Hanya ta biyu ita ce koyo a wurin aiki, kuma duk wanda ya yi maganarta sai ya ambaci Jamus. A can matashi yana sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran kuma a makarantar sana'a ta gwamnati, na tsawon shekaru biyu zuwa uku da rabi. Akwai sana'o'i fiye da 320 da doka ta amince da su, dokar da ke tsara harkar ta samo asali tun 1969, kuma majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu ne ke shirya jarrabawar ƙarshe. Kamfani ne ke biyan ɗan koyo, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin makaranta. Tun 2020 ma an ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a biya shi, wanda ya fara daga yuro 515 a wata. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka kammala kamfanin da ya koya musu ne ke riƙe su. A Suwizalan kimanin biyu cikin uku na matasa wannan hanya suke bi, kuma kamfanoni da yawa suna mayar da abin da suka kashe tun kafin a yaye yaron, saboda a shekarunsa na ƙarshe aikin ƙwararre yake yi a kan ladan ɗan koyo.

Matsalar ita ce wannan tsari ya tsaya ne a kan ginshiƙan da aka ɗauki shekaru aru-aru ana kafawa, kuma sa wa shiri suna iri ɗaya ba ya haifar da su. Birtaniya ta ƙaƙaba wa manyan kamfanoni haraji na musamman a watan Afrilun 2017, rabin kashi ɗaya cikin 100 na albashin da suke biya idan ya haura fam miliyan 3 a shekara, da nufin ƙara yawan 'yan koyo. Sai ga shi yawan masu farawa a yankin Ingila ya faɗi daga kusan 495,000 zuwa kimanin 376,000 a shekara guda, kuma wani kaso mai yawa na kuɗin ya koma ga horar da ma'aikatan da dama suna kan aiki. Irin wannan haraji tsohon abu ne: Barazil ta kafa hukumarta ta horar da ma'aikatan masana'antu a kansa tun 1942, Nijeriya kuma ta kafa asusunta na horon masana'antu a 1971. Haraji yana tara kuɗi, amma ba shi ne ke yanke wanda zai amfana ba.

A ƙasashen da yawancin sana'a ke hannun ƙananan shaguna, koyo a wurin aiki yana nufin gwamnati ta biya wani maigida ya karɓi yaro. Gwaje-gwaje biyu a maƙwabtan juna sun ba da sakamako mabambanta, kuma bambancin yana da darasi. A Gana, shirin gwamnati na tura matasa wurin masu sana'a ya jawo da yawa daga cikinsu sun bar aikin lada sun koma zaman kansu, amma a farkon lokacin bayan kammalawa abin da suke samu a wata ya ragu da kimanin kashi 13 cikin 100, in ban da waɗanda suka dace da iyayen gida masu gogewa da ciniki mai kyau, waɗanda su kam sun ci gaba. A Kodebuwa kuwa an haɗa zaman shago da darussa a cibiya da jarrabawa da takardar shaida, aka kuma riƙa ba yaro sefa 30,000 a wata. A lokacin koyon alawus ɗin bai yi komai ba face cike gurbin abin da yaron ya rasa saboda barin aikin da yake yi a da, amma shekaru huɗu da fara shirin waɗanda suka shiga suna samun kimanin kashi 15 cikin 100 fiye da waɗanda ba su shiga ba.

A nan ne batun takardar shaida ya shigo, kuma na fi son in daɗe a kansa domin masu zaɓi sun fi raina shi. A Yuganda an yi gwaji da matasa kimanin 1,700 tare da BRAC, wata ƙungiyar raya al'umma mai zaman kanta. Ba na gwamnati ba ne, amma ya amsa tambayar da kowace gwamnati ke fuskanta. An tura wasu cibiyar sana'a na wata shida a kan dala 470, wasu kuma aka biya masu shaguna su koya musu na wata shida. Da farko waɗanda aka kai shago ne a gaba, domin tun ranar farko suna da wurin aiki. Da aka ci gaba da bibiya sai ribarsu ta riƙa narkewa, waɗanda suka fito daga cibiya kuwa suka riƙa hawa. Dalilin da masu binciken suka gano shi ne, wanda ya koya a shago, idan aikin ya ƙare, ba shi da abin da zai nuna wa wani maigida face bakinsa, alhali mai takardar da aka sani yana iya komawa aiki da sauri, ya kuma tsallaka daga ƙaramin wuri zuwa wanda ya fi shi. Ƙwarewar tasu kusan ɗaya ce. Ɗaya ce dai take iya tafiya da mai ita duk inda ya nufa. Saboda haka wanda aka yi wa tayin zaman shago ya kamata ya fara tambayar wace jarrabawa ce a ƙarshe, wa ke shirya ta, kuma ko masu ɗaukar ma'aikata a wani gari sun san takardar.

Hanya ta uku ita ce gwamnati ta miƙa wa mutum kuɗin ya zaɓa da kansa, ko dai a matsayin takardar biyan kuɗin horo ko kuma jari tsantsa. A yammacin Kenya an raba wa matasa takardun da darajarsu ta kai kimanin dala 460, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka ci ƙuri'a sun shiga makaranta, abin da ya tabbatar cewa rashin kuɗi ne ke tare mutane. Sai dai kuɗin shigarsu bai ƙaru yadda za a nuna da yatsa ba. A arewacin Yuganda kuwa, a 2008 gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa kuɗi kai tsaye, kimanin dala 382 ga kowane mutum, domin su biya kuɗin koyo su kuma sayi kayan aiki. Mafi yawan kuɗin a kayan aiki ya tafi, kuma bayan shekaru huɗu suna samun kashi 38 cikin 100 fiye da waɗanda ba a ba ba. Da aka koma bayan shekaru tara sai aka tarar sauran sun kamo su, domin a hankali su ma sun tara nasu jarin ko sun sami aikin lada. Ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwar shirin ba, tun da shekarun da mutum ya ci a gaba riba ce da ta riga ta shiga aljihu, amma ya nuna cewa jari yana gaggauta tafiya ne kawai, ba ya sauya inda za a sauka.

Wannan hanya tana da haɗarin da sauran ba su da shi. Inda kuɗin gwamnati ke bin kan ɗalibi, 'yan damfara sukan buɗe makarantu domin farautar kawuna. Birtaniya ta buɗe asusun karatu na kowane mutum a shekarar 2000, ta kuma rufe shi a ƙarshen 2001 saboda zamba. A Ostareliya abin ya fi muni, domin rance ne: bashin da gwamnati ke bayarwa don kwasa-kwasan sana'a ya tashi daga dalar ƙasar miliyan 325 a 2012 zuwa kusan biliyan 2.9 a 2015, dillalai suna bi gida-gida suna jan mutane da kyautar kwamfuta, mutane da yawa suka tashi da bashin kwas ɗin da ba su taɓa gamawa ba, har aka soke tsarin aka kawo sabo a 2017. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk cibiyar da ta fi ɗalibi zumuɗin ya sa hannu, ya kamata ya karanta takardar sau biyu ya tabbatar ko tallafi ne ko rance.

Ta huɗu ita ce mafi kyawun sakamako a cikin abin da aka auna, kuma ita ce mafi wuyar shiga. A nan ana fara ne da masu ɗaukar ma'aikata a fanni guda, kamar lafiya ko fasahar kwamfuta, a tambaye su guraben da suka kasa cikewa, sannan a ɗinka kwas ɗin daidai da wannan buƙata. Wani shiri a birnin San Antoniyo na Amurka, wanda ya fara a 1992 kuma hukumar birnin ke cikin manyan masu ɗaukar nauyinsa, ya horar da mutane a ayyukan lafiya, kuma a shekara ta tara waɗanda suka ci ƙuri'a suna samun sama da dala 5,000 a shekara fiye da waɗanda suka rasa. A ajiye wannan kusa da babban shirin gwamnatin tarayyar Amurka na matasa 'yan shekara 16 zuwa 24, wanda aka kafa a 1964 kuma ake ba ɗalibai masauki da abinci: ya ci fiye da dala 16,000 a kan kowane mutum, ya ƙara kuɗin da suke samu da kashi 12 cikin 100 a shekara ta huɗu, daga baya ribar ta ɓace sai ga waɗanda suka shiga suna da shekara 20 zuwa sama. Tsada ba ta sayi ɗorewa ba. Amma a yi adalci: shirye-shiryen da ke manne da masu ɗaukar ma'aikata suna tace masu nema, suna gwada karatu da lissafi da zuwa a kan lokaci, saboda haka wanda ya fi kowa buƙata sau da yawa shi ne ake mayarwa daga bakin ƙofa.

Akwai wata alama da mai zaɓi zai iya dubawa ko da bai san komai game da binciken da aka yi ba, wato yadda gwamnati ke biyan cibiyar. Idan a kan yawan waɗanda aka yi wa rajista ake biya, cibiya ta gama cin ribarta tun ranar farko. A Nepal an riƙe wani ɓangare na kuɗin sai an tabbatar ɗalibi yana kan aiki watanni bayan yaye shi, aka kuma ƙara lada ga cibiyar da ta horar da mata da marasa galihu, kuma an sami ƙarin kimanin mutum 10 cikin 100 da suka shiga aikin da ba na gona ba. Cibiyar da ake biya ta wannan hanya takan san inda tsofaffin ɗalibanta suke, kuma idan aka tambaye ta ba ta kame-kame.

Game da kuɗin da ke fita daga aljihun ɗalibi, mafi girmansa ba a rubuce yake a ko'ina ba. Wani nazari da masanin tattalin arziki David Card da abokan aikinsa suka fitar a 2018, wanda ya haɗa sakamakon bincike fiye da 200, ya nuna cewa horo kusan ba ya ƙara komai a shekarar farko, ribarsa sai bayan shekaru biyu zuwa uku take bayyana, saboda mai koyo yakan daina neman aiki muddin yana aji. Nazarin ya kuma nuna horo ya fi amfani a lokacin da tattalin arziki ya tsaya, domin a sannan abin da ake rasawa ta zaman aji kaɗan ne. Ma'anar wannan ga mutum ɗaya mai sauƙi ce. Wanda yake da aikin da ke ciyar da shi yanzu, kwas na cikakken lokaci ya fi masa tsada nesa ba kusa ba fiye da wanda yake zaune, ko da kuwa dukansu ba su biya ko sisi ba. A kan wannan sai a ɗora kuɗin mota, da kayan gwaji, da kuɗin jarrabawa, da kayan aikin da za a fara da su bayan an gama.

Idan na ajiye hanyoyin huɗu a gabana, ga yadda zan raba su. Wanda ya riga ya iya sana'a, abin da ya rage masa keken ɗinki ne ko injin walda, jari ya fi masa wani sabon kwas, kuma zaman aji na wata shida ɓata lokacinsa ne. Matashin da ya fito daga makaranta ba shi da iyali a wuyansa, koyo a wurin aiki wanda aka haɗa da aji da jarrabawa shi ne zaɓin da zan sa a gaba, amma da sharaɗin ya je ya ga maigidan da idonsa, ya ga ko shagon yana da ciniki, ya kuma ji ko yaran da suka riga shi sun koyi aiki ko aike kawai suka sha. Mai karatun da zai iya tsallake tacewa ya nemi shirin da ke da sunayen kamfanonin da za su ɗauka, ko da zai jira zagaye na gaba. Gajeren kwas na cibiya wanda ba shi da zuwa wurin aiki ba shi da kuma takardar da aka sani, shi ne na ƙarshe a wurina, kuma ya fi dacewa da wanda a halin yanzu ba ya rasa komai idan ya zauna a aji.

Ga mata lissafin yana da wani sashe na daban. A Malawi an ga cewa nisan wuri da rashin lafiya da hidimar iyali sun fi sa mata barin shirin koyon sana'a a tsakiya fiye da maza, kuma wanda ya bari a tsakiya ya biya lokacin bai karɓi takardar ba. A Laberiya kuwa shirin da aka tsara wa 'yan mata ya tanadi masu kula da yara da kuɗin mota da lokutan darasi na safe ko na yamma, aka sami halarta mai yawa, kuma yawan masu aiki a cikinsu ya ƙaru da kashi 47 cikin 100. Saboda haka mace mai shirin shiga ta auna nisan cibiyar da sa'o'in darasi da wanda zai riƙe mata yara kafin ta auna sunan kwas ɗin, ta kuma tambayi abin da ake samu a sana'o'in da aka saba barin wa maza, domin a gwajin Kenya matan da aka nuna wa bambancin kuɗin da ke tsakanin ɗinki da kanikanci sun fi nuna sha'awar sauya zaɓinsu.